Baƙin Gonar Tuffa

Ƙasa ta ɗumama daren Talata.
Da safe na fito ina dogara sanda,
sai ga gindin tuffa duk huda,
kamar yaro ya bi laka da yatsa.
Na ce, to, Marvella, baƙinki sun iso.

Gyare ne, amma ba na lungun ɗaki ba.
Wannan mai jan ido ne kamar garwashi,
shekara goma sha bakwai yana cikin duhu,
bakinsa allura, cake a saiwa,
yana zuƙar ruwan da itace ke ja.
Ruwa tsararo, ba maiƙo, ba garɗi.
Wanda ya rayu a kan wannan koko
dole girmansa ya zo da jan ƙafa.

Delmer, mijina, shi ya ce mini
da harshe suke ƙirga shekara:
itace ya yi toho, ruwa ya sake ɗanɗano,
su ajiye ɗaya a ciki, su ci gaba da sha.
Na ce, wa ya koya musu lissafi?
Ya ce, wanda ya manta da ke.
Na jefe shi da ruɓaɓɓiyar tuffa.

Ina da bakwai na fara ganinsu,
nan kwarin Ohio, bayan cocin katako.
Na cika gwangwani da ɓawon da suka tuɓe,
kowanne tsage a gadon baya,
ƙafafu riƙe da abin da babu.
Ina ashirin da huɗu, da cikin Nadine.
Ina arba'in da ɗaya muka kwana biyu
muna lulluɓe ƙananan dashe da raga,
don macen zarto gare ta a ƙarƙashi,
ta tsaga reshe, ta jera ƙwai,
kan reshen ya bushe ya rataye wuya.

Yanzu ga ɗaya yana hawan shingena.
Ya tsaya. Ya kumbura. Bayansa ya buɗe.
Ya fito fari fat kamar ɗanyen cuku,
fiffike a cukuikuye, ba ƙarfi, ba murya.
Kafin in gama shayi ya fara baƙi.

Nan da kwana biyar maza za su soma.
Ba da baki ba: ganga biyu ce a kwiɓi,
ciki kuwa holoƙo, don sauti ya cika.
Mata ba sa waƙa.
Ƙyas ɗaya da fiffike, zance ya ƙare.
Tsuntsu ya ci har ya kasa tashi,
karena ya ci ya yi amai ya koma,
ba su rage ko gefen taron ba.
Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Zuwansu na baya ina hamsin da takwas.
Kunnen Delmer ya riga ya yi nauyi,
bai jin tarho, bai jin kiran abinci,
amma ya zauna a baranda yana murmushi,
ya ce, wannan kam ina ji.

Waɗanda ke ihu bana
a wannan shekarar suka faɗo daga reshe,
ƙanana kamar tsakin shinkafa, suka nutse.
Shekara tara takalminsa na wucewa a kansu.
Shekara takwas nawa kaɗai.
Ko sun lura, ban sani ba.

Jikata Opal ta ɗaga ɗaya a tafin hannu,
ta ce, Kaka, sati nawa za su yi?
Na ce, huɗu, ko shida in sun yi sa'a.
Ta ce, duk wannan jira don sati huɗu?
Na ce, wa ya gaya miki jira suke?
Can ƙasa ma ci suke, suna tuɓe riga,
suna haƙa, suna girma.

Ta ƙirga da yatsu: za ta kai ashirin da shida.
Ta fara ƙirga nawa, na ce bar shi,
je ki ɗauko ragar a rumbu,
akwai dashe uku da ban rufe ba.